Tayar da Majigin Kawu

Lahadi, 8 ga Disamba, 2024

Yau muka fito da shi daga ɗakin shirgi. Ni da yaron shagona muka ciccibo, Kawu yana daga kan tabarma yana ta "a hankali, a hankali" kamar jinjiri muka ɗauko. Majigi ne ƙirar Japan, mai cin fim ɗin milimita 16, kuma rabonsa da wuta tun kafin a cire Kebbi daga Jihar Sakkwato a 1991. Da irinsa Kawu ya ci ƙuruciyarsa a motar majigi, yau Augie, gobe Kangiwa, jibi Kamba can bakin iyaka, a kafa farin ƙyalle a ƙofar hakimi bayan isha'i, a nuna wa jama'a zuba taki da amfanin rigakafi. Da aka tashi gwanjon tsofaffin kaya ya sa kuɗinsa ya sayi wannan, wai ba zai zuba ido 'yan gwangwan su fasa shi da guduma ba.

Ni sana'ata gyaran rediyo da talabijin, sai kuma na'urar haska ƙwallo ta gidajen kallo da ake kawo mini nan Argungu. Ban taɓa buɗe cikin irin wannan ba, shi ya sa zan riƙa rubuta duk abin da na taɓa, don in na kwance in san hanyar mayarwa.

Abin da na tarar a ciki: gidan zanzaro har uku, ɗaya a manne da fanka. Kashin ɓera. Bel ya narke ya koma kamar kwalta, ya bi fuli ya shafe. Giris ya daskare ya yi launin tsohon man kaɗe. Tsatsa kam babu sosai, bushewar ƙasarmu ta yi mana wannan rana. Na murɗa da hannu, na ga ƙugiyar da ke jan fim ta leƙo ta koma.

Akwai gwangwanin fim uku, biyu manya ɗaya ƙarami. Ina kai hannu kan ƙaramin Kawu ya karɓe ya tura ƙarƙashin matashinsa. "Wanga ba yanzu ba. Sai injin yag gyaru sarai. Tsohonka na nan ciki, da gora da homa."

Ina shekara shida mahaifina ya rasu. Hotonsa ɗaya ne a gidan nan, shi ma ruwa ya taɓa shi.

Asabar, 14 ga Disamba

Mako guda ina wanki, kullum bayan na rufe shago. Kafin in cire kowane noti sai na ɗauki hoto da waya, notin kuma ya shiga raminsa a kiret ɗin ƙwai. Narkakken bel da sifirit ya fita, bayan ya ci mini tsumma huɗu da farce ɗaya. Tsohon giris na haƙoran ƙarfe da kananzir, amma ban bari ya kusanci roba ba.

Wurin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne ƙofa, wato ƙarafan nan biyu masu santsi da fim yake ratsawa tsakaninsu a gaban haske. A gefenta akwai wani datti baƙi da ya taurare kamar ƙanzo, ɓurɓushin jikin fim ne da zafi ya gasa shekara da shekaru. Na zaro reza zan kankare, sai na ji sanda a bayan hannuna. Ashe Kawu yana kallo. "Ƙarfe ba shi taɓa wurin nan." Gaskiyarsa. Ko ƙarzanen da ido ba ya gani ne ya samu wannan ƙofa, duk fim ɗin da ya bi ta nan sai ya fita da layi tun daga farkonsa har ƙarshe. In ta bayan fim ne layin ya fito baƙi a bango, in ta fuskar da hoton yake ne ya fito fari, don ya kwashe hoton ke nan, kuma ba mai mayar da shi. Da tsinken sakace da sifirit na yi aikin, awa biyu cur.

Gilashin gaba ban goge shi a bushe ba. Ƙurar hunturu yashi ce, sai da na hure ta tukuna. Akwai ɗan zare-zaren fumfuna ta ciki a gefe guda, na ƙyale shi.

Juma'a, 27 ga Disamba

Bel ya gagara a nan, ya gagara a Birnin Kebbi. Masu keken ɗinki nasu ya yi tsawo. A ƙarshe wajen masu sayar da kayan injin ban-ruwa na dace, da yake lokacin noman rani ne kaya sun cika shago: zoben roba mai kaurin da nake nema. Na ɗiga man keke a inda ya dace, na sa sabon giris kaɗan, na kunna ba fitila. Ya tashi. Kawu ya karkata kai ya saurara kusan minti guda, bai ce komai ba, ya miƙa hannu a ba shi goro.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ƙwan fitila ya iso ta tasha daga Kano, guda biyu, wani abokina ya tono su a Sabon Gari. Lambarsa ELC, bolt 24, wat 250, yana zaune a cikin ɗan kwanon gilashi mai tattara haske. Ƙa'idar rayuwarsa awa 50 ce kawai, don haka na manna takarda a murfi inda zan riƙa rubuta duk mintin da ya ci. Na gargaɗi yaro kada yatsa ya taɓa ƙwan na ciki, maiƙon hannu yana sa gilashin ya kumbura in ya yi zafi.

Da magariba muka haska bangon zaure. Fari tas, mai kusurwa huɗu, yana ɗan ƙyafta ido. Na ɗora babban faifai na farko, baƙi da fari ne kan noman gyaɗa, hujin gefensa ya yayyage a wurare da dama, don haka shi na ware na gwaji.

A nan na gane abin da ya sa ake barin lanƙwasa a sama da ƙasan ƙofa. Fim ɗin gudu iri biyu yake yi a lokaci guda. Haƙoran sama da na ƙasa suna jansa bai ɗaya ba tsayawa, amma a ƙofa tsayawa yake cak, a haska hoto, wata farfela ta tare hasken, ƙugiya ta fizgo na gaba, haka sau 24 a kowace daƙiƙa. Lanƙwasar nan ita ce sassaucin da ke tsakanin mai tafiya da mai tsalle. Na yi ta ƙasa ƙarama, nan take injin ya kama kakat-kakat, hoto ya zama ruwan sama. Kawu ya sa yatsa biyu a ciki ya ce ga ma'auninta. Na gyara, sai ga wani manomi da malfa yana duƙe a kunya, a bangon zauren gidanmu.

Lahadi, 19 ga Janairu

Sauti. Nan ne fagena, ko kuma haka na ɗauka.

Muryar fim ɗin nan zane ce. Wani siririn layi ne mai kauri da sirancewa a gefen da babu huji, ɗan ƙaramin ƙwai mai bolt 4 yana haska shi ta wata tsaga, wani ido a baya yana mayar da rawar hasken wuta, amfilifaya ta mayar da ita magana. Ƙaramin ƙwan yana da rai, abin mamaki. Amfilifayar ce take gurnani, na canza kafasita shida da suka bushe, gurnani ya tafi. Na so in kwance ɗan gilashin tsagar in wanke, na tuna sandar ranar nan, na tambaya tukuna. Kawu ya ce su ma a zamaninsu ba a yarda kowa ya taɓa wannan noti ba, daga masana'anta aka saita shi. Auduga a tsinke kawai na zura.

Magana ta fito, Hausa ce raɗau, na ji daɗi har na kira Inna ta zo ta ji. Kawu kuwa daga inda yake ya ce, "Mutumin ga barci shikai? Ba haka muryatai take ba."

Ni ban ji wani aibu ba. Murya ce mai kauri, na ɗauka irin ta mutanen da ce. Muka yi ta ja, har na ce bari mu auna. Fim ɗin 16 hoto 40 ne a kowace ƙafa, a gudun 24 ke nan ƙafa 36 a minti. Na auna ƙafa 18 na sa alama, ya kamata ta wuce a daƙiƙa 30. Yaro ya riƙe agogon waya. Daƙiƙa 36. Muka sake, 36.

Sai da na haska tocila na ga fulin moto hawa biyu ne, an buga 50 a jikin ɗaya, 60 a ɗayan. Japan ƙasa ce mai wuta iri biyu, gabashinta mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, yammacinta sau 60, shi ya sa suke ƙera kayansu haka. Tamu ta Najeriya 50 ce, ni kuwa na ɗora bel a kan 60, injin yana ba da hoto 20 maimakon 24. Na mayar da shi, mai sharhi ya farka daga barci. An ce in ba ka san gari ba saurari daka. Ni da mita a hannu, tsoho mai yanar ido ya riga ni da kunne.

Wani abu kuma: sautin yana gaba da hotonsa da gida 26, wato hoto 26, a jikin fim, saboda idon sauti yana can ƙasa da ƙofa. In lanƙwasar ƙasa ta yi yawa ko ta yi kaɗan, baki da murya sai su raba hanya. Yatsa biyun nan dai.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar asara, kuma duk laifina ne.

Inda fim ya tsinke na haɗa da salatif na shago, don abin haɗi na ainihi bai zo ba. Mako biyu a naɗe, danƙon ya tsattsafo. Yau da mahaɗin ya iso ƙofa ya maƙale. Kafin in kai hannu ga makunni na ga abin a bango: tsakiyar hoton ya yi ɗigo ruwan ƙasa, ɗigon ya buɗe baki kamar ana hura shi, gefensa yana tafasa, sai fari fat. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba. Allah ya sa fim ɗin 16, tun da Kodak ta fito da shi a 1923, ba a yin sa da sinadarin nan mai kamawa da wuta irin na tsofaffin finafinan manyan silima. Narkewa yake yi. Gida uku suka tafi.

Da yamma kuma aka ɗauke wuta, na tayar da ƙaramin janareta ban kashe makunnin fitila ba. Ƙwai ɗaya ya yi fau, awa huɗu kacal ya yi a duniya. Saura ɗaya. Daga yau sitabilaiza a tsakani, janareta ya daidaita tukuna, moto ya tashi, sannan fitila. Wajen kashewa fitila ce farko, a bar fanka ta huce ta.

Na warware duk salatif ɗin, wuri tara, na wanke danƙon.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Tef ɗin haɗi ya zo, mai huji daidai da na fim. Na gyara faifan gyaɗa, ya wuce sau uku lafiya lau. Faifai na biyu mai launi ne kan rigakafi, amma launin ya gudu ya bar ja kawai, kowa a ciki kamar an tsoma shi a zoɓo. Shuɗi da rawaya su ne ke fara tashi a finafinan wancan zamani, ba gyaran da majigi zai yi wa wannan.

Da Kawu ya ga haka, da kansa ya ɗauko ƙaramin gwangwanin. Ya ce bikin kamun kifi ne a gulbin Matan Fada na nan Argungu, zamanin Gowon, wani abokin aikinsa ya ɗauka, aka wanke aka ba shi kwafi. Bikin da aka faro tun 1934 hotunansa sun cika duniya, amma wannan ƙafa 400 ɗin, minti 11, ban jin akwai ta a wani wuri.

Murfin ya ƙi buɗuwa sai da na bi gefensa da sukuddireba. Abin da ya fara fitowa wari ne, tsami mai hawa kai irin na binega, har yaro ya ja da baya. Cikin murfin ya yi tsatsa alhali wajensa lafiya. Na warware kamu biyu a kan farin ƙyalle. Fim ɗin bai kwanta ba, ya kwarɓe kamar ganyen albasa, gefensa yana tashi yana sauka.

Wannan cuta sananniya ce. Jikin fim ɗin ne yake ruɓewa yana fitar da asid, zafi da laima suna hanzarta shi, asid ɗin kuma da ya taru a rufaffen gwangwani sai ya ƙara cin fim ɗin. Ba ta warkewa, sai dai a rage mata gudu. Tana kuma sa fim ya tsuke, wannan ne abin tsorona. Tsakanin huji da huji milimita 7.62 ne, gida 100 ya kamata su ba da milimita 762. Na ƙirga 100, na danne a hankali a jikin rula ta ƙarfe: 752. Na matsa gaba na sake, 751. Ya haura kashi ɗaya cikin ɗari ke nan, kuma masu adana finafinai daga wajen nan suke hana a ɗora fim a majigi. Haƙoran injin ba su tsuke ba, suna nan inda aka ƙera su. Za su riƙa sauka a gefen huji maimakon tsakiyarsa, su yi ta yaga har ƙarshe.

Na ce, "Kawu, ba zan sa shi ba."

Ya ce, "Wata ukku kana gyaran inji don mi?"

Ban da amsa. Na cire gilashin gaban majigin na juya shi, ya zama madubin ƙara girma, na ɗaga fim ɗin saitin taga. Kowane hoto bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ga bakin gulbi, ga mutane ba iyaka a jere, kowa da gora a gaba, homa a ɗage kamar fikafikai. Na miƙa wa Kawu, ya kanga a ido ya juya ya juya, ya ce hazo kawai yake gani.

Lahadi, 16 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara, aiki ya ja baya. Kawu bai sake tayar da maganar ba, amma ya daina tambayata labarin inji, wanda ya fi faɗa ciwo.

Na raba ƙaramin faifan da sauran, don tururin asid ɗin yana harbin na kusa. Na sake masa gwangwani mai tsabta, na bar murfin a sassauce, na kai shi tsohon ɗakin ƙasa na Inna da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Wani ya ba ni shawarar firij. Sanyi kam shi ne maganin, amma firij ɗin da wuta ke zuwa tana tafiya gumi zai riƙa yi wa fim, gara ɗakin ƙasa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Mun yi majigi a ƙofar gida, cikon shagalin sallah. Zanen gado a bangon makwabci, faifan gyaɗa, yara sun fi hamsin. Da aka zo inda sauti ya lalace, sai Kawu ya miƙe ya karɓi sharhin da bakinsa, da irin muryar da ban taɓa jin ta a gidan nan ba, yana yi wa manomin cikin fim tsiya yara suna ta faɗuwa. Wani yaro ya zagayo bayan injin yana leƙe, ya ce da ni, "Maigida, ina ake sa memori?"

Minti 40 ba tsinkewa. Zoben roban ya ɗan saki da ya yi zafi, naɗin baya ya yi sako-sako, zan nemi wanda ya fi shi matsewa. Ƙwai ya ci awa 7 jimilla. Bayan an watse na goge ƙofa tun tana da ɗumi, dattin ya fi saurin fita.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na haɗa abin da zan kwafi ƙaramin faifan ba tare da haƙori ya taɓa shi ba. Katako ne, da ƙusa biyu da faifai ke juyawa a kai, da fitilar caji mara zafi a ƙarƙashin farar robar murfin bokiti, waya kuma a ɗaure a sama tana leƙe ta gilashin majigin da na juya. Da hannu nake ja, sanye da safar auduga.

Hoto 16,000 ne a ƙafa 400, ba zan iya duka yanzu ba. Zan fara da ɗaya a kowane 24, wato hoto guda a kowace daƙiƙa, wajen 670 ke nan, in san abin da ke ciki. Da asuba nake yi kafin zafi, don da rana ɗakin ya wuce awo 40, fim ɗin ma laushi yake yi. Ina so in gama kafin damina ta zauna, laima ba za ta yi masa da daɗi ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na kai ƙafa 130. Daren jiya na aro na'urar haska ƙwallo da aka kawo gyara, na jona waya, na watsa hotunan a bangon zaure, kowanne ya fi ƙofa girma. A haka Kawu yana gani. Ya matso da kujera har inuwar hularsa tana shiga gulbi. Ya gane makaɗa a cikin kwalekwale, ya gane wani dogari, ya faɗi sunayen mutum huɗu da duk sun riga mu gidan gaskiya. Ga wani ya rungumo giwan ruwa, mutum biyu suna taya shi.

A hoto na 214 ya ɗaga sanda. Wani ne tsaye cikin ruwa iya ƙugu, gora a hammata, ya ba mu baya. "Ga shi nan. Dubi kunnuwan."

Aka kira Inna. Ta tsaya ta daɗe, ta ce, "Yaya, wannan ai ya fi shi wuya. Shi gajeren wuya gare shi." Kawu ya ce shi da ya yi kokawa da mutum ya fi ta sanin wuyansa. Inna ta ce to.

A na 215 mutumin yana nan, ya ɗan karkato, wata homa ta gitta ta rufe fuskar. A na 216 kyamara ta koma kan 'yan kallo. Tsakanin 213 da 216 akwai gida kusan 70 da na tsallake. Na sa alamar zare a wurin. Yau hadari ya haɗu ta gabas bai zuba ba, na mayar da faifan ɗakin ƙasa da wuri. Gobe da asuba zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in cajin fitilar ya kai.